Mun share ƙofar gida, mun manta da bayan gida

Duk Asabar ɗin ƙarshen wata, tun da sassafe cikin sanyin nan na Jos, matan gidanmu kan fito da tsintsiya, maza su ɗauki shebur su yashe kwata. Kafin hantsi layinmu ya yi fes. Ina alfahari da haka, domin na ga yadda bola ta nemi cinye titunan garin nan kafin Gwamna Caleb Mutfwang ya ayyana dokar ta-ɓaci kan tsaftar muhalli a 2023. Amma akwai lungun da tsintsiyarmu ba ta taɓa shiga ba, kuma daga can ciwo ya fito ya kama autata.

Gidan haya muke zaune, ba nisa da rafin Dilimi. Ɗaki goma sha ɗaya, masai ɗaya. Wanda ya san Jos ya san ƙasarta: ka fara haƙa, ba ka yi nisa ba sai diga ta ci karo da dutse. Shi ya sa ramin masanmu bai da zurfi, yana kuma saurin cika. Da safe layi ake yi, kowa da butarsa. Yara ba sa iya jira, sai a ɗora su a fo, mu kuma iyaye mata mu juye a kwata, muna cewa ai kashin yaro ba ƙazanta ba ne. Rijiyar da muke sha kuwa tana tsakar gida, taku goma tsakaninta da masan.

Daminar bara masan ya cika, ruwan sama ya yi ta sauka. Wani dare 'yata mai shekara biyu ta fara amai da gudawa. Kafin asuba idanunta sun faɗa, ta kasa ko kuka. Maƙwabciyata Maman Tagwaye ce ta tashi ta haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin cokali na gishiri. Da shi muka riƙe ta har gari ya waye muka kai ta asibiti. Kwana uku tana shan ƙarin ruwa.

Ranar da za a sallame mu, wata dattijuwar nas ta dube ni ta ce, "Maman yarinya, ina kuke ɗibar ruwan sha? Ina kuma kuke zubar da fo?" Na faɗa mata. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi kashin yaro ma yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, kuma ana so rijiya ta yi nisan kamar mita 30 da masai. Na fito ina jin kunyar da ban taɓa ji ba. Ni da ake yabo da share-share, ashe da hannuna nake kai wa 'yata cuta.

Daga nan na fara sauraron shirin da a da nake kashe rediyo in an sa. A Nuwamban 2019 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da gangamin tsaftace Najeriya ta hanyar amfani da ban-ɗaki, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Zartarwa mai lamba 009, da burin kawo ƙarshen bahaya a fili nan da 2025. Binciken da gwamnati ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna kusan mutum miliyan 48 ne ke bahaya a fili a ƙasar nan, kuma Filato na cikin jihohin da abin ya fi ƙamari: fiye da rabin mutanenta. A 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta rabu da wannan ɗabi'a. Wa'adin 2025 bai cika ba, an ɗaga shi zuwa 2030.

Da na ji wannan lissafi, da farko na ɗauka da mutanen ƙauye ake, waɗanda hukumar PRUWASSA ke bi tana wayar wa kai. Sai na tuna fo ɗin da nake juyewa a kwata. Ashe ni ma ina cikin lissafin, a tsakiyar birni.

Muka tara matan gida, muka sa maigidana ya yi mana jagora wurin mai gidan. Tsoho ne mai mutunci, amma da ya ji batun kuɗi sai ya ce, "'Yata, shekara talatin gidan nan yana da masai ɗaya, ba wanda ya mutu."

Na ce, "Baba, jikarka ce ta kusa zama ta farko."

Ya yi shiru, ya daɗe yana jan carbi. Ƙarshe muka daidaita: shi zai sayi siminti da bulo, mu 'yan haya mu biya leburori da masu kwasar masai. Adashi muka kafa, Maman Tagwaye ce uwar adashi. Ba a rasa tsegumi ba. Wani ya ce ba zai gina wa mai gida dukiya ba, har muka yi wata guda ba ma gaisawa da matarsa. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, daga baya shi ma ya kawo nasa.

Saboda dutse, sama aka ɗaga ramin aka kewaye shi da bulo, can ƙarshen gida nesa da rijiya. Yanzu ban-ɗaki biyu gare mu, kowanne da murfi, da sabulu da buta a bakin ƙofa. Fo a masai ake juye shi. Ruwan rijiya na wanki ne. Na sha sai an tafasa.

Ban ce mun tsira ba. Kwatar layinmu Dilimi take gangarawa, kuma da ruwan Dilimi masu lambu ke ban-ruwa da rani. Latas da kabeji da karas ɗin da muke saya a Farin Gada na iya dawo mana da abin da maƙwabci ya zubar. A kasuwanni da tashoshin mota, mai nema ya kama ruwa yakan rasa wuri mai tsafta, ko ya rasa kuɗin shiga. Wannan aikin hukuma ne. Ina roƙon ma'aikatan PEPSA, in sun zo duba kwata, su yi irin na duba-garin da: su shiga ciki su tambayi mai gida, mutum nawa, masai nawa?

Ke kuma 'yar'uwa, Asabar mai zuwa in kin gama share ƙofar gida, ki zagaya baya. Ki ƙirga taku nawa ne daga masai zuwa rijiya. Ni sai da na kwana uku a gefen gadon asibiti kafin na ƙirga.