Jiniya a Mararraba

Tun kafin zuwan mota Bahaushe yake da hanyoyi biyu na neman a ba shi wuri ya wuce. Ta farko ita ce ta sarauta, inda zagage da dogarai kan shiga gaban sarki suna kore jama'a, kowa ya raɓe ko yana so ko ba ya so. Ta biyu kuwa ita ce ta mabuƙaci, wato irin "gafara dai" ɗin da ɗan dako kan yi a tsakiyar kasuwa in kaya sun danne masa wuya, ko wadda masu ɗauke da makara kan yi a kan hanyarsu ta zuwa maƙabarta. Tsoro ke sa a amsa ta farko, tausayi kuma ke sa a amsa ta biyu. Da zamani ya zo, sai aka haɗa muryoyin nan biyu aka zuba su cikin na'ura guda, aka kira ta jiniya. A ganina, wannan gamin-gambiza yana daga cikin manyan dalilan abin da ke faruwa a mararrabar titunanmu duk lokacin da motar asibiti ko ta kashe gobara ta doso.

Bari mu fara da ita mararrabar kanta. A miƙaƙƙen titi kowa gaba ɗaya ya sa, saboda haka mai jiniya yakan zo wa mutum ta baya, a hange shi ta madubi a kauce masa. Don haka ne ma ake rubuta sunan motar asibiti a juye a goshinta, domin ya karantu daidai a madubin wanda ke gabanta. Amma a mararraba madubi ba ya da wani amfani, domin motar ta gefe take fitowa, kuma sau da yawa gini ko tirela ko rumfar mai shayi sun tare ta. Ga direban da danja ta nuna wa kore yana ganin hanya tasa ce, ga direban motar asibiti shi ma yana ganin jiniya ta mallaka masa hanya. Mutum biyu ke nan, kowanne ya tabbata shi ke da gaskiya, sun nufi taku ɗaya na kwalta a lokaci guda.

Lissafin abin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, direba kuma yakan ɗauki daƙiƙa guda ko fiye kafin ƙafarsa ta bar totur ta hau birki. Bugu da ƙari, in gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya takan ninka sau huɗu. In kuwa aka yi karo, a haƙarƙarin mota ake yin sa, inda ƙofa ce kawai tsakanin mutum da ƙarfen da ya taho masa. A bayan motar asibiti kuma ga majinyaci a kwance, ga ma'aikacin jinya da ƙila a tsaye yake yana riƙe da ledar ƙarin ruwa, ba bel a jikinsa.

Hausawa kan ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. To amma kunne yakan yaudari mai shi a mararraba. Ƙarar jiniya takan bugi bangon gine-gine ta dawo, har mutum ya rantse daga dama take alhali daga hagu take tahowa. Wanda kuma ya ɗaga gilashi, ya kunna na'urar sanyaya mota da rediyo, ba lalle ne ya ji ta ba sai ta zo dab da shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Mokola a nan Ibadan, kusa da unguwar Sabo, inda motocin asibiti ke yawan ratsawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'a, ya ga yadda direbobi da 'yan acaɓa ke ta waige-waige in jiniya ta tashi, kowa yana neman inda take.

Na taɓa shiga irin motar nan sau ɗaya, ranar da numfashin wata gwaggona ya sarƙe da dare, aka ce a mayar da ita wani babban asibiti. Na zauna a gaba kusa da direba, wani dattijo Bayarabe da ya tashi a Kano, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Abin da na lura da shi shi ne, duk mararrabar da muka doso sai ya sassauta har kamar zai tsaya, ya sauya kukan jiniyar, ya dubi hagu, ya dubi dama, ya tabbatar layin farko ya tsaya, sannan na biyu, kana ya ratsa. Bayan an karɓi majinyaciyar hankali ya kwanta, na same shi a bakin ƙofa na ce, "Baba, na ga ba ka yarda da jiniyarka ba." Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai roƙo nake yi da ita. Wanda ya yi roƙo kuwa sai ya tsaya ya ga ko an ba shi." Na karanta littattafai da dama a kan azancin magana, amma ban cika cin karo da jimlar da ta kai wannan nauyi ba.

Ilimi ma yana bayan dattijon nan. Binciken da aka yi a wasu biranen Amurka ya nuna cewa lokacin da jiniya da gudu ke rage wa motar asibiti, a mafi yawan tafiye-tafiye, bai wuce 'yan daƙiƙoƙi zuwa 'yan mintoci ba. Akwai majinyacin da waɗannan mintocin su ne rayuwarsa, babu shakka. Sai dai motar da ta kife a mararraba ba ta kai kowa ko'ina ba, ta ma ƙara yawan waɗanda za a ɗauka. Garin neman gira ke nan aka rasa ido.

To me ya sa jama'a ke nauyin ba da abin da ake roƙo? A nan ne muryar zagi ta ɓata wa muryar mabuƙaci suna. Shekara da shekaru muna jin jiniya muna raɓewa, sai mu ga ayarin wani babba ne, ko motar kuɗin banki, ko ma wani mai hali da ya gaji da cunkoso. Mu malaman jami'a muna da tabon da ba ya gogewa. Ranar 12 ga Nuwamba, 2013, Farfesa Festus Iyayi na Jami'ar Benin, marubucin littafin Heroes kuma tsohon shugaban ƙungiyar ASUU, ya rasu a kan hanyar Lakwaja zuwa Abuja, lokacin da wata mota daga ayarin gwamnan Jihar Kogi ta yi karo da motar da yake ciki, yana kan hanyarsa ta zuwa taron ƙungiyar a Kano. Ba a mararraba abin ya faru ba, amma irin wannan labari shi ke bin direba har mararraba, ya sa in ya ji jiniya zuciyarsa ta fara da tsaki maimakon addu'a. Shi ya sa nake ganin Babatunde Fashola, da ya ƙi amfani da jiniya a zamanin da yake gwamnan Legas daga 2007 zuwa 2015, marasa lafiya ya yi wa alheri, domin duk jiniyar da babba ya kashe daraja ce ya mayar wa ta motar asibiti.

Duk da haka, laifin manya ba zai zama hujjarmu ba, tunda daga bayan sitiyari ba mu da ikon sanin wanda ke kwance a ciki. Abin da ake nema a wurinmu kaɗan ne. Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka in jiniya ta taho ta baya, sai a kunna sigina a raɓa dama a hankali, ban da taka birki kwatsam. Wanda bai shiga mararraba ba ya dakata ko da danja ta ba shi hannu. Wanda ya riga ya shiga kuwa kada ya tsaya a tsakiya, ya ƙarasa fita sannan ya raɓe. In motar ta wuce a ɗan jinkirta, domin motocin kashe gobara da na 'yan sanda sukan taho biyu ko uku a jere, kuma kukan ta farko yakan rufe na ta biyu. Mafi muni duka ita ce ɗabi'ar nan ta manne wa motar asibiti a baya don a ci moriyar hanyar da aka buɗe mata. Wanda ya yi haka ya mai da ciwon wani tsanin biyan buƙatarsa, kuma da zarar direbanta ya taka birki a mararraba ta gaba, shi ne zai fara afka mata.

Ba na mamakin cewa da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, marubuci aka ba shugabancinta na farko, wato Farfesa Wole Soyinka. Tuƙi da adabi sun haɗu a wuri guda: dukkansu suna buƙatar mutum ya iya sawwala rayuwar wanda bai gani ba. Ɗalibin da muka koya wa ya tausaya wa tauraron labari a takarda, ya kamata ya iya tausaya wa wanda ke bayan farin gilashin motar asibiti, wanda ba zai taɓa sanin sunansa ba. Addini ya koya mana cewa hanya tana da haƙƙi, kuma kawar da cuta daga kanta sadaka ce. Wani lokaci cutar da ke kan hanyar motarmu ce, kawar da ita kuma bai fi juya sitiyari kaɗan da haƙurin daƙiƙa goma ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kai matafiya gida lami lafiya, amin.