Ƙafa tamu ce, benci da usur na wa? Zare daga bakin kanal

1/
Jama'a, ga ɗan aiki ga duk mai zuwa gidan kallo a satin nan. Idan an take wasan Firimiya, ƙirga baƙaƙen fata da ke cikin fili. Idan kyamara ta juya benci, ƙirga kociyoyi baƙaƙe. Sannan dubi mai usur da masu tuta. Lissafin ba zai ci maka minti biyu ba. Zaren yana da tsawo, a yi haƙuri.

2/
Wasu sun riga mu yin lissafin. Wani rahoto da ƙungiyar Black Footballers Partnership ta fitar a Ingila a 2022 ya ce kashi 43 cikin 100 na 'yan wasan Firimiya baƙaƙe ne. Amma a kujerun horarwa, rabonsu bai kai kashi 5 ba. Kusan rabin masu gudu, amma a wajen ba da umarni sai ka nema da fitila.

3/
Ni ɗan yankin Kura ne, gonarmu tana shan ruwan kanal ɗin da ya taso daga madatsar Tiga. Dalibi ne ni, hutu kawai ke kawo ni gida. Amma duk wanda ya tashi a noman rani ya san wani abu tun yana yaro: mai shiga laka daban, mai riƙe makullin ƙofar ruwa daban, mai yanka farashi kuma daban.

4/
Mu ne dashen shinkafa, mu ne korar tsuntsu, mu ne tsinkar tumatir da sassafe. Amma ka kai kwandonka Kwanar Gafan ka ga wanda zai faɗi kuɗinsa. Sau da yawa mutumin bai taɓa kwana a gona yana jiran layin ruwa ba. Shi ya sa maganar benci da usur ba ta yi mini baƙunta ba ko kaɗan.

5/
Mu fara da Ingila, tunda ita muka fi kallo. Baƙar fata na farko da ya horar da ƙungiya a Firimiya shi ne Ruud Gullit, ɗan Holan, a Chelsea a 1996. Shekara na zagayowa ya ci kofin FA. Baƙar fata ɗan Ingila kuwa sai 2008 aka ba shi dama: Paul Ince a Blackburn. Bai cika wata shida ba aka sallame shi.

6/
Maganar alƙalan wasa ta fi ban mamaki. Uriah Rennie ya fara busa wasan Firimiya a 1997, ya yi na ƙarshe a 2008. Daga nan shiru. Sai ranar 26 ga Disamba 2023 Sam Allison ya busa wasan Sheffield United da Luton. Shekara 15 ke nan babu baƙar fata ko ɗaya da ya riƙe usur a tsakiyar fili a gasar.

7/
Wani zai ce, "Malam, ai cancanta ce, wanda ya iya shi ake ba." To ina tambaya: ta yaya mutanen da suka iya karanta wasa a cikin fili, suna kyaftin, suna shirya 'yan baya, suna ganin fasin kafin kowa ya gani, za su daina fahimtar ƙwallo ranar da suka rataye takalmi? Wannan lissafin bai hau ba.

8/
Akwai wani bincike da aka yi a 2020 tare da ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasa ta Ingila a kan kalaman masu sharhin wasa. An gano cewa idan ana yabon basira, an fi kai yabon kan masu hasken fata. Idan ana maganar ƙarfi da gudu, an fi kai shi kan masu duhun fata. Ɗaya kai ne, ɗaya ƙafa ce.

9/
Ka yi shekara 15 ana kiranka ingarma, ana kiran abokinka mai ƙwaƙwalwa. Ranar da kuka je neman aikin koci tare, mai ƙungiya wa zai tuna? Ba sai ya tsane ka ba. Ya isa kawai a ce hoton koci da ke cikin kansa bai yi kama da fuskarka ba. Kuma masu ƙungiya sun fi kiran wanda suka saba shan shayi da shi.

10/
Amma fa ban buɗe zaren nan don mu zagi Turawa mu watse ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne irin wannan tunanin yana zaune daram a bencinan gidajen kallonmu. Super Eagles ta yi kunnen doki ɗaya, sai ka ji an ce, "A kawo mana Bature kawai." Ba a ma ce wane Bature ba. Fatar ita ce takardar shaida.

11/
Mu duba tarihi, ba da zafin rai ba. Gaskiya baƙi sun yi mana aiki. Otto Glória ɗan Brazil ya ci mana kofin Afirka a 1980. Clemens Westerhof ya ci a 1994. Jo Bonfrere ya kawo zinaren Atlanta a 1996. Duk wanda ya musa wannan bai yi adalci ba. To amma ku ji ɗaya gefen labarin.

12/
Marigayi Shuaibu Amodu ya kai Najeriya gasar kofin duniya ta 2002. Kafin a tafi aka cire shi. Ya sake kai mu ta 2010. Aka sake cire shi, aka ɗauko Lars Lagerbäck ɗan Suwidin watanni kaɗan kafin gasar. Muka dawo daga Afirka ta Kudu da maki ɗaya tal. Amodu ya rasu a 2016 bai taɓa zama a bencin da ya gina ba.

13/
Marigayi Stephen Keshi ma ya ɗanɗana. Shi ya kai Togo kofin duniya karo na farko a tarihinta, na 2006. Da lokacin tafiya ya yi, Otto Pfister ɗan Jamus ne ya zauna a kujerar. Manomi ya san sunan wannan: ka yi sharar gona, ka yi dashe, ka yi ban ruwa, ranar girbi a kira wani ya riƙe buhu.

14/
Keshin nan ne ya ci mana kofin Afirka a 2013. Kuma wa ya ci ƙwallon wasan ƙarshe da Burkina Faso? Sunday Mba, ɗan wasan gida, wanda mutane da yawa suka ce bai cancanci a tafi da shi ba. Koci ne da ya san filayenmu ya gan shi. A 2014 kuma ya fitar da mu daga rukuni a Brazil.

15/
Kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 fa? Sau biyar muka ci: 1985, 1993, 2007, 2013, 2015. Duka biyar ɗin kociyoyin gida ne: Sebastian Brodricks, Fanny Amun, Yemi Tella, Manu Garba, Emmanuel Amuneke. Wato mun yarda su rene mana yara, amma da yaran sun yi suna sai mu ce aikin ya fi ƙarfinsu.

16/
Ku tuna Katar 2022. Ƙasashen Afirka biyar da suka je, dukansu 'yan ƙasa ne ke jan ragama: Aliou Cissé, Walid Regragui, Otto Addo, Rigobert Song, Jalel Kadri. A gasar ce Moroko ta kai wasan kusa da na ƙarshe, abin da wata ƙasar Afirka ba ta taɓa yi ba. Kafin nan Cissé ya ba Senegal kofin Afirka na farko.

17/
Wanda ya fi mana ciwo: Fabrairu 2024 a Abidjan. Kwaddebuwa ta rabu da kocinta ɗan Faransa a tsakiyar gasa bayan Equatorial Guinea ta zuba mata 4. Aka miƙa wa mataimakinsa Emerse Faé. Shi ne ya doke mu 2 da 1 a wasan ƙarshe. Yana nan a bencin tun farko, ba a dai duba gefensa ba sai da wuta ta kama.

18/
Mu dawo gida Kano. Pillars ta ci gasar Najeriya sau huɗu: 2008, 2012, 2013, 2014. Kadiri Ikhana ne ya kawo na farko, Mohammed Baba Ganaru ya kawo biyu a jere. Yaro a gidan kallo zai lissafo maka mataimakan Guardiola, amma ka tambaye shi waɗannan sunayen sai ya kalle ka kamar ka yi masa Sinanci.

19/
Akwai wani yayana, ɗan ƙanin babanmu. Shekara da shekaru yana tara yaran unguwa da yamma a wani fili kusa da kanal. Mazubin robobi ne alamominsa na atisaye. Da kuɗin aikin injin casar shinkafa yake sayen ƙwallo. Ya san yaron da ke wasa da yunwa, ya san wanda babansa ya hana shi fitowa sai an gama ban ruwa.

20/
Wallahi na sha ganin ya juya wasa da canji ɗaya. Amma ba shi da lasisin koci ko na matakin farko. Kwas ɗin yana buƙatar kuɗin rajista, kuɗin mota, wurin kwana, da barin aiki na kwanaki. Duk shekara sai ya ce, "Ƙanena, bari a sayar da shinkafa tukuna." Shinkafa ta zo, taki da bashi su cinye.

21/
To ka ga a nan babu Bature, babu launin fata. Amma ƙofa ɗaya ce aka rufe da kwaɗo iri ɗaya: kuɗi, sanayya, da wanda zai ɗaga waya ya ce a duba wane. Idan mai ƙungiya ya tashi neman koci, lasisi zai tambaya. Yayana zai ci gaba da samar da ƙafafu, wasu su ci gaba da riƙe allo.

22/
Rafali kuwa, Allah sarki. A gasannin da ake yi bayan girbi a garuruwanmu, wanda ya karɓi usur ya karɓi zagin iyaye. Na ga an bi wani abokina da gudu har cikin gonar masara saboda fenariti ɗaya, fenaritin da kowa ya gani da idonsa. Tun ranar ya ajiye usur. Yanzu kallo ma daga nesa yake yi.

23/
Sai mu dawo muna tambaya me ya sa ba ma ganin alƙalan wasanmu a manyan gasanni. Daga ina za su fito? Alƙalin da zai busa kofin duniya daga irin filin nan yake farawa. Said Belqola ɗan Moroko ya busa wasan ƙarshe na kofin duniya a 1998. Salima Mukansanga 'yar Ruwanda ta busa wasa a kofin Afirka a 2022. Ana iyawa.

24/
A Amurka, gasar ƙwallonsu ta NFL ta kafa wata doka a 2003, dokar Rooney: kafin a naɗa koci dole a gana da aƙalla mutum ɗaya daga tsirarun jinsi. Hukumar ƙwallon Ingila ta ɗauki irinta a 2018. Ba ta ce a ba kowa aiki ba, ta ce a saurare shi. Har yau ana gardama ko ta wadatar, alƙaluman 2022 sun nuna da sauran tafiya.

25/
Kuma duk inda aka buɗe ƙofar, an gani. Vincent Kompany ya ci gasar Jamus da Bayern a 2025. Ndubuisi Egbo, tsohon golan Super Eagles, ya ci gasar Albaniya da Tirana a 2020. Michael Emenalo ya yi shekaru yana daraktan wasanni a Chelsea. Pitso Mosimane ya ci kofin zakarun Afirka sau uku.

26/
Ba na cewa a ba mutum aiki don baƙi ne ko don namu ne. Namu ma akwai wanda bai iya ba, a sallame shi. Abin da nake nema ma'auni ɗaya. Gernot Rohr ya samu shekara biyar a Super Eagles. Finidi George ya yi 'yan watanni a 2024 ya tafi. Mudun da aka auna wa baƙo haƙuri, da shi za a auna wa ɗan gida.

27/
Abin da ke hannunmu a Kura, Bunkure, Garun Malam da sauran garuruwa: masu shirya gasa da masu kuɗin da ke sayen kofi da riguna don a ga sunansu, ku ware kuɗin kwas ɗin koci ɗaya da rafali ɗaya duk shekara. Riga wanki uku take yi ta koɗe. Lasisi kuwa yana nan har mutum ya tsufa.

28/
Mu 'yan kallo kuma: ƙungiyar da magoya bayanta suka taɓa rafali, a kore ta daga gasar, ko ta ɗan wa ce. Idan yaro ya ce shi koci yake son zama ko alƙalin wasa, a daina yi masa dariya ana cewa don bai iya taka leda ba ne. Ba kowa ne zai zama Ahmed Musa ba, kuma wasa ba ya yiwuwa sai da mai usur.

29/
Yanzu ku taya ni wani abu. A garinku ko unguwarku, wane koci ne ko rafali da ya daɗe yana yi ba tare da an san shi ba? Ba sai kun sa lambar wayarsa ba. Ku faɗi garin da shekarun da ya yi yana yi. Mu ga yawansu tukuna, sannan mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.