Bahar a Ƙarƙashin Gonakin Gero

Wanda ya taso daga Kajiji ya bi ta Boɗinga zuwa Sakkwato, yana duban faƙo da gonakin gero, da wuya ya raya a ransa cewa bahar ya taɓa malale wannan ƙasa, alhali farin dutsen Kalambaina da ake ƙonawa domin siminti cike yake da ragowar halittun ruwan gishiri na kimanin shekara miliyan 60. Daga cikinsu akwai dodon koɗin da masana suka raɗa wa Gisortia, suka jingina nasabarsa ga dangin wuri, kuɗin kakanninmu. Galibi ɓawon ya narke, sai lakar da ta cika cikinsa ta daskare bisa surarsa. Subhanallahi. Ni dai isnadin duwatsun nan ya gamsar da ni.