Ɗan'uwa Rabin Jiki

Ya kai ɗalibi, kafin ka ci gaba da karatu, ɗora tafin hannunka a bayanka, daidai ƙarshen haƙarƙari. A nan ƙodojinka biyu suke, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Kowace tana da siffar ƙwayar wake, girmanta kuma kamar dunƙulen hannu. Dare da rana suna tace jininka, suna fitar da datti da ruwan da ya yi yawa ta hanyar fitsari. Na shekara fiye da talatin a duniya ban taɓa tunawa da su ba, sai da ƙanena ya kwanta.

Ciwon ya fara ne da kumburin ƙafa da yawan kasala. Muka ce gajiya ce. Da muka kai shi asibitin koyarwa, aka auna jininsa, aka ce hawan jini ya daɗe yana cin ƙodojinsa a ɓoye, har sun daina aiki. Aka sa shi a wankin ƙoda, wato a haɗa mutum da inji, jininsa ya bi ta cikin injin a tace shi, sannan ya koma jiki. Kowane zama yakan ɗauki kamar awa huɗu, ana kuma so a yi sau uku a mako. Mu kuwa sau biyu muke iya biya, wani makon ma sau ɗaya. Muka sayar da gonar gado, muka sayar da babur ɗinsa.

Likitan da ke duba shi farfesa ne, dattijo mai sanyin magana. Wata rana ya kira ni ofishinsa, ya ce, "Malam, wankin nan jinkiri ne kawai. Abin da zai tayar da ƙanenka shi ne dashen ƙoda. Mutum yana iya rayuwa da ƙoda ɗaya mai lafiya. Akwai wanda zai ba shi a cikinku?"

Na sha koya wa ɗalibaina karin maganar nan, ɗan'uwa rabin jiki. Na sha rubuta ta a allo, in ba da maki ga wanda ya fassara ta daidai. A ranar nan ce aka tambaye ni ma'anarta, bakina ya yi nauyi. Na ce a gwada ni, amma a zuciyata ina fatan kada jinina ya dace da nasa. Da sakamako ya fito, sai ga shi ya dace.

Farfesa ya ga tsoro a fuskata. Bai yi mini wa'azi ba, labari ya ba ni, na wani likita ɗan Amurka mai suna Joseph Murray. Daga baya na nemi tarihinsa na karanta da kaina, ga kuma abin da na samu.

An haifi Murray a 1919, ya yi karatun likita a Jami'ar Harvard. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki a asibitin soja na Valley Forge, inda ake kawo sojojin da wuta ta ƙone. Idan ƙunar ta yi yawa, akan rufe raunin da fatar wani mutum. Fatar takan zauna na ɗan lokaci, sannan ta mutu ta faɗi. Dalili shi ne, jikin mutum yana da garkuwa mai yaƙar duk wani baƙon abu. Ita ce ke kashe ƙwayoyin cuta, ita ce kuma ke kashe gaɓar da aka kawo daga jikin wani, domin ba ta bambanta baƙo mai alheri da baƙo mai sharri. Tambayar da Murray ya fito da ita daga yaƙi ke nan: yaya za a sa jiki ya karɓi baƙo?

Bayan yaƙi ya koma birnin Boston, asibitin Peter Bent Brigham. Ya yi shekaru a ɗakin bincike yana gwada dashen ƙoda a jikin karnuka, har ya ƙware wajen ɗinke jijiyoyin jini da zaɓar wurin da ƙodar za ta zauna. A 1954 aka kawo wani saurayi ɗan shekara 23, Richard Herrick, ƙodojinsa sun lalace. Yana da ɗan'uwa, Ronald, tagwaye ne masu kama ɗaya. Likitocin suka yi tunanin cewa jikin Richard ba zai ɗauki ƙodar Ronald a matsayin baƙuwa ba. Don su tabbata, suka gwada zanen yatsunsu, suka kuma dasa 'yar fatar ɗaya a jikin ɗaya, ta zauna lafiya.

Sai dai akwai abin da ya fi tiyatar wuya. Likita yakan yanka mara lafiya ne don ya warkar da shi. A nan kuwa za a yanka lafiyayye, a ɗauke masa gaɓa, ba don amfanin kansa ba. Murray da abokan aikinsa suka yi shawara da wasu likitoci da malaman addini, suka bayyana wa Ronald haɗarin da ke ciki, suka bar masa zaɓi. Ya amince. Ranar 23 ga Disamba, 1954, aka yi aikin, ƙodar kuma ta fara fitar da fitsari. Wannan shi ne dashen ƙoda na farko da ya yi nasara mai ɗorewa. Richard ya ƙara shekara takwas a duniya, ya auri ma'aikaciyar jinyar da ta kula da shi, suka haihu. Ronald kuwa ya rayu da ƙoda ɗaya har 2010.

Da wani ne, da ya tsaya nan ya sha yabo. Amma yawancin marasa lafiya ba tagwaye ba ne. Murray ya koma ɗakin bincike. Aka gwada rage ƙarfin garkuwar jiki da haske mai ratsa jiki, marasa lafiya da yawa suka rasu. Aka koma ga magunguna. A 1962 ya dasa ƙodar mamaci a jikin wanda ba danginsa ba, da taimakon maganin azathioprine, ƙodar ta yi aiki. A 1990 aka ba shi lambar yabo ta Nobel, shekara 36 bayan aikin tagwayen. Ya rasu a 2012. A Nijeriya an fara dashen ƙoda a Legas a 2000, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kuma ya fara a 2002.

Da Farfesa ya gama, sai ya ce, "Malam, abin da muka gada daga gare su ba wuƙa kaɗai ba ce, har da gaya wa mai bayarwa gaskiya. Akwai haɗari a tiyata, ko da yake kaɗan ne. Za ka riƙa auna jininka har ƙarshen rayuwarka. Ƙoda kyauta ake ba da ita, doka ta hana sayarwa, tilas kuma ba ta halatta. In ka ce a'a, ba wanda zai ji dalili daga bakina."

Wannan magana ce ta kwance mini zuciya. Da aka buɗe mini ƙofar fita, sai na ga ba na son fita. Na yi shawara da maiɗakina, na je wurin Inna na bayyana mata komai da Hausa, kalma bayan kalma. Ta yi shiru, can ta ce, "Ku biyun nono ɗaya kuka sha. Allah Ya tashe ku tare."

Kwanakin da na yi a asibiti sun nuna mini irin rayuwar wannan likita. Da sassafe yana zagayen marasa lafiya, ɗalibai na biye da shi, yana tambaya suna amsawa. Da rana yana ganin masu zuwa daga gida. Da yamma, bayan kowa ya watse, nakan hango fitilar ofishinsa, yana rubuta sakamakon kowane mara lafiya: wane magani ya karɓe shi, wanne bai karɓe shi ba. Ya ce mini daga irin wannan rubutu ne ake gane kuskure, a gyara wa na baya. Karatun likita shekara shida ne, ƙwarewa a fannin ƙoda kuma ta ci wasu shekarun masu yawa, amma har yanzu ɗalibi yake kiran kansa.

Yau ƙanena ya koma sana'arsa. Kullum yana shan maganin da ke lallashin garkuwar jikinsa, ba ya tsallake ko rana ɗaya. Ni kuma ga ni a aji, da ƙoda ɗaya da tabo a ciki. Wani lokaci yakan ce, "Yaya, da me zan biya ka?" Nakan ce ya sha maganinsa a kan lokaci.

Ya kai ɗalibi, wataƙila kana sha'awar zama likita. In haka ne, ka sani tiyatar awa kaɗan ce, amma shekarun haƙuri ne suka haife ta, na mutanen da suka gwada, suka kāsa, suka rubuta dalilin kāsawar, suka sake gwadawa. In kuma wata hanya za ka bi, to ka tuna wa iyayenka su riƙa auna hawan jini da suga, su guji shan magani barkatai, gama rigakafi ya fi magani. Har yanzu ina rubuta karin maganar nan a allo, ɗan'uwa rabin jiki. Sai dai yanzu nakan ɗan dakata kafin in tambayi aji ma'anarta.