Jesin Pillars ya cinye min dare uku

Jiya sai ƙarfe biyu da rabi na dare na rufe laftop, raina a ɓace, kuma da ɓacin ran na wayi gari.

Waɗanda muka daɗe tare a nan sun san tun bara nake fama da saka Kano Pillars, Masu Gida, cikin gem ɗin ƙwallo na PES 2021, saboda yaran da ke zuwa buga gem a shagona. Kun ga hoton bajon da na ɗora da azumi. To jesin gida na zana shi tsaf, rawaya da kore, 2048 a tsaye 2048 a kwance. Na saka, na kunna, 'yan wasa suka fito fili. Sai ga kwalar wata riga daban a wuyansu, lambar baya kuma ta sauko har kusa da ƙugu. Wani yaro ya leƙo ya ce, “Yaya, wannan ai ba Masu Gida ba ne.” Gaskiya ya faɗa.

Na san inda matsalar take. Akwai ɗan ƙaramin fayil na saiti da ke riƙe da irin kwala da mazaunin lamba. Manhajar da na sauke don gyara shi kuwa akwatuna ne jere, kowanne da lamba, babu wanda aka rubuta aikinsa. Bayanin da ya zo da ita layi biyu ne, na biyun ma godiya ce ga abokai. Na koma bidiyo. Minti goma sha takwas ana kiɗa, kibiya tana yawo a allo, mutumin bai ce uffan ba, bai kuma faɗi wace siga yake amfani da ita ba. Sau huɗu na kalla, da datata, da man janaretana.

Na san za a ce kyauta suka yi, ban biya kowa ba. Haka ne, kuma ina yi musu addu'a, don ba don su ba da babu abin da zan taɓa. Amma wanda ya iya ɓata wata shida yana haɗa manhaja, me zai hana shi zama na awa ɗaya ya rubuta: akwati na uku na kwala ne? Tela ma idan ya ɗauki yaro ba keke kawai yake nuna masa ya tafi ba. Malamanmu sun sha ja mana kunne a kan rowar ilimi, ban kuma ji an ware wani ilimi an ce shi a ɓoye ba.

Masu cewa babba da ni ina wasan yara, ku zo shagon ku gani. Gasar Najeriya ba ta cikin gem ɗin. Pillars ɗin da ta ɗauki kofin gasar a 2008, ta sake jera shi a 2012 da 2013 da 2014, yaro a Kano ba zai iya zaɓarta ba sai wani ya zauna ya saka ta da hannu. Tun da PES ya koma eFootball a 2021, aka bar injin Fox aka koma Unreal, wannan tsohon PES 2021 ɗin ne ya rage mana da za mu iya buɗe cikinsa yadda muke so.

Ga ɗan abin da wahala ta koya min. Kafin ka taɓa komai, kwafi fayil ɗin asali ka ajiye gefe. Idan da fayilolin CPK na gem ɗin kake aiki, jerinsu da ke cikin fayil ɗin DpFileList yana da muhimmanci, na ƙarshe shi ke danne na farko. Idan da hali yi amfani da manhajar Sider, ka zuba fayilolinka a folda ba sai ka sake ɗaure CPK kullum ba. Masu gyaran fuska kuma ku duba sigar manhajar Blender, don tun da 2.80 ta fito a 2019 tsofaffin ƙare-ƙaren 2.79 suka daina aiki a kanta. Wannan magana ɗaya, da wani ya rubuta min ita, da ban yi asarar sati guda ba a bara.

Kuma har yanzu kwalar nan ba ta gyaru ba.

Na sayi littafi mai shafi sittin, duk akwatin da na gane aikinsa ina rubutawa da Hausa, da sigar da na gwada a kanta. Don Allah duk wanda ya san lambobin kwala a cikinku ya turo min, zan haɗa da nawa in ɗora ranar Juma'a.