Tantance Sabon Irin Kankana: Tsarin Faransa da Al'adar Kudancin Katsina

A yankin Cavaillon na kudancin Faransa, wanda ya yi suna wajen noman shammam, wato ɗan'uwan kankana mai ƙamshi, ba a karɓar iri a matsayin sabo sai hukumar gwajin iri ta GEVES ta shuka shi kusa da ire-iren da aka riga aka sani, ta rubuta siffar ganyensa da launin ɓawonsa da na cikinsa da girman ƙwayarsa. Sharuɗɗa uku ake dubawa, waɗanda yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta UPOV ta 1961 ta shimfiɗa: irin ya bambanta da sauran, tsirransa su yi kama da juna, kuma kamanninsa su ɗore idan aka maimaita shuka. Sai ya cika su ake ba mai shi haƙƙin mallaka.

A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na kudancin Katsina, inda masara da dawa da auduga suka fi cin gonaki, kankana kuwa ta fi zama amfanin fadama, idon manomi da bakin dillali ne ke yanke wannan hukunci. Manomi yakan lura da yaɗon da ya jure ƙishirwa, ya ƙwanƙwasa ɗan ya ji amonsa, ya fasa ya ga jan cikinsa, sa'annan ya wanke ƙwayar ya shanya a inuwa domin baɗi. Suna kuma yakan fito daga zanen ɓawo ko garin da aka samo irin. Wannan ilimi ne na gaske, sai dai a ka yake, kuma yana da rauni ta fuska biyu. Ƙudan zuma na kai garin fure daga gona zuwa gona, don haka iri yakan gauraye, irin kanti da aka yi wa aure kuwa yakan rikiɗe idan aka sake shuka ƙwayarsa. Mafi ciwo shi ne, ƙauyen da rashin tsaro ya tayar yakan rasa irinsa tare da rumbunsa.

Nijeriya ba ta rasa doka ba, domin tun 1987 akwai kwamitin ƙasa na rajistar iri da ke cibiyar NACGRAB a Ibadan, a 2021 kuma aka sa hannu kan dokar kare haƙƙin masu ƙirƙiro iri. Tsarin ya fi dacewa da cibiyoyin bincike da kamfanoni, shi ya sa ya wajaba malaman gona na jihar Katsina su bi manoman yankin, su tattara irin da ke hannunsu, su rubuta siffofinsa da sunayensa tun waɗanda suka san shi suna raye.