Ina so ya warke, a yi mana shari'a

Ƙanina ɗan acaɓa ne. Bayan sallar Isha aka tare shi, aka buga masa ƙarfe a ƙeya har ya rasu, aka tafi da babur ɗin da ko kuɗinsa bai gama biya ba. Mutum ɗaya aka kama, babur ɗin na hannunsa.

Ranar da aka gurfanar da shi a babbar kotu, burina ɗaya ne: a rataye shi. Doka ma ta ba ni dama, domin fashi da makami da kisan ganganci duk hukuncinsu kisa ne. Sai ga shi an shigo da shi cikin ankwa, ya ɗaure wando da leda. Tafinta ya karanta masa tuhuma, ya tambaye shi ko ya aikata. Shi kuwa yana ta tsintar wani abu a jikin rigarsa wanda ba mai gani sai shi. Alƙali ya dakatar da shari'a, ya ce sai likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi.

Na fito ina huci, ina cewa haukan ƙarya ne. Lauyan gwamnati ya zaunar da ni. "Malam, abu biyu ne," in ji shi. Ko da hankalinsa a daren da abin ya faru, wannan maganar sashe na 51 ce na dokar Final Kod, sai an shiga shari'a za a warware ta. Amma kafin nan dole ya fahimci tuhumar, ya iya kare kansa. Malaminmu ma ya gaya mini a fiƙihu ba a yi wa mahaukaci ƙisasi, diyya ce a kan danginsa.

Likita ya tabbatar ba shi da lafiya. Maimakon gadon asibiti, gidan yari aka mayar da shi, magani yau akwai gobe babu. A 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, amma ba ta taɓa shari'armu ba.

Mahaifiyarsa ta taɓa tare ni a bakin kotu, ta ce, "Ɗana, tun yana saurayi muke ɗaure shi da mari." Na kasa ce mata uffan.

Yanzu addu'ar samun lafiya nake yi masa, har zuciyata. Ban yarda shi kaɗai ya yi aikin nan ba. In akwai wasu, sunayensu suna cikin kansa, kuma kullum aka bar shi ba magani, su ake ƙara wa kwana.